Kafin Ka Danna "Na Yarda"

Ƙannena maza da mata, da yawanku kun taɓa samun irin saƙon nan, ko kun ga wanda ya samu. Kana zaune wayarka ta yi ƙara, ka duba ka ga baƙuwar lamba. Saƙon na ɗauke da sunan wani da kuka yi makaranta tare, ko mai gyaran babur ɗin unguwarku, wani lokaci har da hotonsa. An rubuta cewa ɓarawo ne, ya ci bashi ya gudu, kuma wai kai ya bayar a matsayin mai tsaya masa. Kai kuwa rabonka da shi tun bikin wani abokinku. Idan mamaki ya sake ka, tambayar da ta kamace ka ita ce: ina mutanen nan suka samo lambata?

Babu wani sihiri a ciki. Bawan Allahn nan ya matsu, ya sauke manhajar ba da rance, manhajar ta ce ba za ta ba shi ko sisi ba sai ya bar ta ta duba lambobin da ke wayarsa. Naira dubu goma ce a gaban idonsa, sai ya danna ya amince. Kafin ya ɗago kai, lambar mahaifiyarsa da ta surukinsa da ta limamin unguwa da taka duk sun tafi wata kwamfuta da bai san ko a wace ƙasa take ba. Abin ya yi ƙamari a Najeriya har hukumomi suka motsa. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending, mai manhajar Sokoloan, tarar naira miliyan 10 kan irin wannan aiki. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu irinsu a Legas. Daga ƙarshen watan Mayun 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store leƙa lambobi da hotunan mutane.

Masu rancen nan ba su da kunya, shi ya sa muka gane su da wuri. Da zagi suka zo, a bainar jama'a. Waɗanda nake so mu yi magana a kansu ba sa zagin kowa, ba sa turo saƙon barazana, yawancinsu ko sunansu ba ku taɓa ji ba. Kwasar dai iri ɗaya ce, sai dai su cikin ladabi suke yi, kuma suna maƙale da kusan kowane shafi da kuke buɗewa.

Ɗauki shafin da kake buɗewa da safe don ganin yadda wasan jiya ya tashi. A idonka shafi guda ne na kamfani guda. Wayarka kuwa da mutane da yawa take magana a lokacin. Rubutun labarin daga masu shafin yake zuwa. Hoton tallan da ke sama daga kwamfutar wani kamfani daban yake fitowa. Ɗan maɓallin nan na tura labari zuwa Facebook na Meta ne, bidiyon da aka liƙa a tsakiya na YouTube ne, sannan akwai wasu ƙananan umarni da ido ba ya gani, masu ƙirga baƙi, galibi na Google Analytics. Duk wanda wayarka ta karɓo wani abu daga wurinsa, sai ta gaya masa adireshinta na intanet, da irin wayar, da shafin da take kai. Kai da mai shafin ku biyu ne kuka san da zaman juna. Sauran duka su ne ake ce wa ɓangare na uku.

A 1994 wani matashin injiniya a kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya ƙirƙiro abin da ake kira kukis, wato ɗan guntun rubutu da shafi ke ajiyewa a na'urarka don ya gane ka idan ka dawo. Da kyakkyawar niyya aka yi shi. Ba don shi ba, da duk shafin da ka juya sai an sake tambayarka kalmar sirri, kayan da ka zaɓa za ka saya kuma su ɓace kafin ka kai wurin biya. Ɓarnar ta faro ne da 'yan talla suka lura cewa su ma za su iya ajiye nasu kukis ɗin ta cikin hoton tallan. Kamfanin talla guda yana da hoto a dubban shafuka, saboda haka duk inda ka leƙa, lambar da ya liƙa maka ita zai sake gani, ya ƙara layi ɗaya a tarihinka. Kamfanin DoubleClick ya yi fice a wannan sana'a tun shekarun 1990, a 2007 kuma Google ya amince ya saye shi kan dala biliyan 3.1. Ba don kyan ofishinsa aka biya wannan kuɗi ba.

Ka ɗauka ka shiga Kantin Kwari. Mai shagon da ka saba da shi ya san ka, ya san irin shaddar da kake so, ya san ba ka saye sai ƙarshen wata. Wannan ba laifi, ciniki ya gaji haka. To amma a ce a kowane shago akwai wani yaro a lungu riƙe da littafi, kuma duk yaran ubangida ɗaya suke wa aiki. Wannan ya rubuta ka taya leshi ka fasa saboda tsada. Wancan ya rubuta ka daɗe wajen akwatunan lefe. Na bakin ƙofa ya rubuta ka tsayar da mai tallan maganin basir kun yi ƙus-ƙus. Da yamma su haɗa littattafan, ubangidansu ya san aure za ka yi, aljihunka ba nauyi, ga kuma larurar da ko amininka ba ka gaya wa ba, sannan ya sayar da labarin ga duk mai so. A kasuwar gaske da tuni an kama yaran nan an kai su ofishin shugabannin kasuwa. A intanet masu shagunan ne da kansu suka ba su wurin zama, don ana biyansu.

Sayarwar ma gwanjo ake yi, yana kuma ƙarewa kafin ƙiftawar ido. Yayin da shafin ke buɗewa, gurbin talla yana aika sanarwa ga kamfanoni da dama a lokaci guda: ga wani mai waya iri kaza, a gari kaza, yana karanta abu kaza, an san shi da sha'awar kaza, wa zai taya? Wanda ya fi tsoka tallansa ne zai bayyana a gabanka. Sai dai waɗanda ba su ci gwanjon ba su ma sun ji sanarwar, kuma babu mai bin su gida ya tabbatar sun goge. Wata ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ƙasar Ayilan, ICCL, ta ƙiyasta a 2022 cewa ana watsa bayanin mutum guda ta wannan hanya sau 747 a rana a Amurka, a Turai sau 376. A Turai ke nan fa, inda doka ke da haƙori. Idan kuna mamakin me ya sa ake wannan wahala, ku duba kuɗin. Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kusan dala biliyan 135 a 2023, kuma kusan kashi 98 cikin 100 daga talla suka fito. Ba ka taɓa biyan Facebook ko kwabo ba, amma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na san wasunku har rantsuwa suke yi cewa wayarsu na sauraron hirarsu, don sun yi zancen takalmi a majalisa da yamma, da dare sai ga tallan takalmi. Ni dai ina ganin ba sa ma buƙatar wahalar sauraro. Abokin da kuka yi hirar da shi ya nemi takalmin a wayarsa, wayoyinku sun wuni a benci ɗaya, kuna abota a Facebook, shekarunku ɗaya, ƙwallo ɗaya kuke kallo. Wannan kaɗai ya ishi na'ura ta yi hasashe.

Idan aka tsare kamfanonin nan, sukan ce ai ba sunan kowa suke ajiyewa ba, lamba ce kawai. Wannan magana an gwada ta. A 2013 Yves-Alexandre de Montjoye da abokan bincikensa suka duba zirga-zirgar wayoyin mutum miliyan 1.5 ta tsawon wata 15, babu suna ko ɗaya a ciki. Suka gano cewa idan an san wuri huɗu da mutum ya je, da lokacin da ya je, wannan ya isa a tsamo kashi 95 cikin 100 na mutanen daga cikin taron. Ka gwada da kanka. Wace waya ce take kwana a gidanku, ta yi asuba a masallacin layinku, ta wuni a shagon ubangidanka, bayan isha'i kuma ta tsaya awa biyu a ƙofar gidan su wance? Ko ba a rubuta suna ba, duk unguwa ta san mai ita.

A watan Nuwamban 2020 ɗan jarida Joseph Cox na kafar Motherboard ya wallafa wani bincike da ya tayar wa Musulmi hankali a ƙasashe da dama. Manhajar Muslim Pro, mai nuna lokutan salla da alƙibla, wadda aka sauke kusan sau miliyan 100, tana aika bayanin inda masu amfani da ita suke zuwa ga wani kamfani mai suna X-Mode. Shi X-Mode dillali ne, kuma cikin masu sayen hajarsa akwai 'yan kwangilar da ke yi wa rundunar sojan Amurka aiki. Masu Muslim Pro sun musanta cewa sun sayar wa soja bayanan kowa, suka kuma yanke hulɗa da X-Mode nan take. Mai yiwuwa gaskiya suka faɗa, kuma a nan ma abin tsoron yake. Su dillali suka miƙa wa. Inda kaya suka nufa daga nan ba a hannunsu yake ba. Wanda ya ba manhajar izinin sanin inda yake, don ta gaya masa lokacin magariba ya ba ta, bai taɓa jin sunan X-Mode ba balle ya yarda da shi. A Disamban wannan shekarar Apple da Google suka umarci masu manhajoji su cire kayan aikin kamfanin. Sai a Janairun 2024 hukumar FTC ta Amurka ta haramta masa sayar da bayanan zuwan mutane wurare irin su asibitoci da wuraren ibada, lokacin ma ya riga ya canza suna ya koma Outlogic.

Asibitocin kansu ba su tsira ba. A 2022 kafar bincike ta The Markup ta duba shafukan manyan asibitoci 100 na Amurka, ta tarar 33 na ɗauke da Meta Pixel, wani ɗan umarni marar ganuwa da ke sanar da Facebook duk lokacin da mutum ya danna neman ganin likita. Ku tuna irin abubuwan da kuke rubuta wa waya da tsakar dare, tambayoyin da kunya ba za ta bar ku ku yi wa Inna ko Baba ba: wani ciwo a wurin da ba a faɗa, wata damuwa da ta hana barci, wani kuskure da ake neman mafita. Kuna ganin daga ku sai waya. Sau da yawa akwai na uku a wurin.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kuna ɗaukar izinin da kuke bayarwa a matsayin abin da ya shafe ku ku kaɗai: wayata ce, sirrina ne, na yafe. Ina ma haka ne. Mutum kusan 270,000 ne kawai suka amsa tambayoyin wata manhajar gwajin hali da Aleksandr Kogan, malami a jami'ar Kambirij, ya haɗa a Facebook. Tsarin Facebook na wancan lokaci ya bar manhajar ta kwashi bayanan abokansu ma, sai adadin ya kai har miliyan 87 a ƙiyasin kamfanin da kansa. Ku yi lissafi: kowane mutum ɗaya da ya danna ya jawo sama da mutum 300 da ba a tambaye su ba. Bayanan suka faɗa hannun Cambridge Analytica, kamfanin da ke sayar wa 'yan siyasa dabarun juya ra'ayin masu zaɓe. Asiri ya tonu a watan Maris na 2018, a 2019 kuma FTC ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Kada wani ya ce wannan rigimar Turawa ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito cewa wani attajiri ɗan Najeriya ya ɗauki hayar wannan kamfani a zaɓen 2015 domin a yi wa takarar Muhammadu Buhari zagon ƙasa.

Wayarka cike take da kayan mutane. Lambar yayarka da ta ba ka don kai ƙaninta ne. Hoton matar abokinka ranar suna. Saƙon muryar da wani ya turo yana kuka yana neman taimako. Sunan da ka ajiye wani da shi don raha. Truecaller, manhajar nan ta ƙasar Suwidin mai nuna sunan mai kira, daga jama'a take tara sunayenta, shi ya sa wani dattijo mai mutunci zai kira, allo ya nuna "Wane Mai Bashi" ko "Kar Ka Ɗauka", shi bai san hawa ba bai san sauka ba. A 2019 NITDA ta buɗe bincike a kanta. Duk waɗannan abubuwa amana ce aka ba ka, kuma ranar da ka danna "na yarda" don wata manhajar gyara hoto ko wasan haɗa alewa, da yawun mutum ɗari uku ka yi magana alhali ba wanda ya aike ka.

Akwai masu cewa, "Ni ba ni da abin ɓoyewa." Mai faɗar haka ka ce ya ba ka wayarsa a buɗe na minti goma, ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Mu da addu'armu ta kullum ita ce Allah ya rufa mana asiri, ba don muna aikata laifi muke yin ta ba. Mutum yana da talaucinsa, da ciwonsa, da rigimar gidansu, da abin da yake shiryawa bai so a sani ba sai ya nuna. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin juna, Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidan wani, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar waya. Ba sabon abu aka kawo mana daga waje ba.

Wasu kuma cewa suke, "Ni talaka ne, me za su samu a jikina?" Talaka ne ma ya fi shiga uku, don shi ba shi da lauya. Na'urar da ta lura kana yawan neman aiki, kana duba sakamakon wasa da tsakar dare, kana neman rance, ba tallan makaranta za ta nuna maka ba, na caca za ta jera maka da na bashi mai ruwa. Sannan bayanai idan suka fita ba sa tsayawa a hannun 'yan talla. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi bayanan lambar ɗan ƙasa ta ministan sadarwa, Bosun Tijani, a wani shafin intanet kan naira 100. Hukumar NIMC, mai ba da lambar, ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ta wace kafa suka fita, sun dai fita, kuma na minista ne. Daga irin wannan kasuwa ɗan damfara ke yin sayayya. Sai ya kira ka da cikakken sunanka, ya faɗi ranar haihuwarka daidai, ya ambaci bankinka, da murya mai natsuwa ya ce za a rufe asusunka yau idan ba ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu ba. Da baƙo ne tsurarsa da ka kashe waya. Abin da ya riga ya sani a kanka shi ke sa ka sakin jiki.

Za a ce ai an tambaye ka, kai ka yarda. Wace irin tambaya? Akwatin ya fito ya rufe rabin allo, maɓallin amincewa ƙato mai launi, na ƙi kuwa an ɓoye shi bayan shafi biyu da ƙananan haruffa. Da gangan ake yi. A Janairun 2022 hukumar CNIL ta Faransa ta sanar da cin Google tarar yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60, a kan wannan kaɗai: sun sa ƙin kukis ya fi karɓarsa wuya. Dogayen sharuɗɗan nan kuma ba don a karanta aka rubuta su ba. Tun 2008 wasu masu bincike biyu a jami'ar Carnegie Mellon, Aleecia McDonald da Lorrie Cranor, suka ƙiyasta cewa mutum zai kashe sama da awa 200 a shekara idan ya ce sai ya karanta na duk shafukan da yake ziyarta. Ba-Amurke ke nan da aka rubuta masa da harshen uwarsa.

Dokoki dai suna zuwa. Ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki a watan Mayun 2018. Gana na da tata tun 2012, Nijar na da hukumarta ta HAPDP. A Najeriya an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, aka kafa hukumar NDPC, kuma dokar ta ba ka ikon tambayar kamfani abin da ya tara a kanka, ka nemi a gyara ko a goge, ka janye izinin da ka bayar, ka kai ƙara idan an ƙi. A Yulin 2024 FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220, tana zarginsa da sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da cikakken izininsu ba. Na yaba, amma kada ku dogara da wannan. Tara tana shiga asusun gwamnati ne bayan shekaru ana shari'a, lambar mahaifiyarka kuwa da ta riga ta shiga hannun dillalai goma ba alƙalin da zai dawo da ita.

To me za a yi? Ban ce ku jefar da waya ba, a cikinta kuke karatu, a cikinta wasunku ke cin abinci. Ku fara da ƙofar da kuke shiga intanet ta cikinta, wato burauza. Firefox ya fara toshe masu bin sawu da kansa tun 2019, Safari na Apple ya toshe kukis na ɓangare na uku gaba ɗaya a 2020. Google ya yi alkawari a Janairun 2020 cewa Chrome zai bi sahu cikin shekara biyu, ya yi ta ɗagawa, a Yulin 2024 ya ce ya fasa. Chrome ɗin kuwa shi ke zuwa a cikin wayoyin Android da muke riƙewa, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung. Kana iya shiga saitinsa ka toshe kukis na ɓangare na uku da hannunka, ko ka sauke Firefox ko Brave. Akwai ma riba ta kusa: duk tallan nan da umarnin ɓoye da ke lodi, datar da ka saya da kuɗinka suke ci, sai ka ga shafi ya fi saurin buɗewa bayan ka kore su.

Kada Incognito, shafin ɓuya na burauza, ya ruɗe ku. Aikinsa ya hana ƙaninka ganin inda ka shiga idan ya ari wayar. Shafin da ka je, da kamfanin layinka, da 'yan ɓangare na uku suna ganinka sarai. An kai Google kotu a Amurka a 2020 kan wannan batu, a 2024 ya amince ya goge biliyoyin bayanan da ya tara daga masu zaton sun ɓuya. Toshe kukis ma ba ya rufe kowace kafa. Girman allonka, da harshen wayar, da agogonta, da irin haruffan da ke ciki, idan aka haɗa su sukan zama shaida mai kama da zanen yatsa. Ƙungiyar EFF ta gwada burauza kusan 470,000 a 2010, ta tarar sama da kashi 83 cikin 100 kowace ta fita daban. Saboda haka ragewa ake yi, kuma ragewar na da tasiri. A Afrilun 2021 Apple ya fara tilasta wa manhajoji su tambayi mai iPhone a fili ko ya yarda a bi sawunsa. Mutane da yawa suka ce a'a. A farkon 2022 Meta ya gaya wa masu hannun jarinsa cewa wannan canji zai ja masa asarar kusan dala biliyan 10 a shekarar.

Sai sashen izini a saitin waya, wanda yawancinku ba ku taɓa buɗewa ba. Ka shiga ka ga manhajoji nawa ne ke da ikon duba lambobinka, da inda kake, da makirfo, da hotuna. Ka yi wa kowace tambaya ɗaya: aikinta na buƙatar wannan? Taswira na buƙatar sanin inda kake, lokacin da kake amfani da ita kawai. Manhajar lokutan salla sunan garinku ya ishe ta, ka rubuta mata da hannu. Tocila kuwa me ya haɗa ta da lambar kawunka? A sashen talla na saitin Google akwai wurin goge lambar talla da aka liƙa wa wayar, minti ɗaya ya isa. A Facebook ma akwai inda za ka ga jerin shafuka da manhajojin da suka kai masa rahotonka. Duk wanda ya buɗe wannan jeri karon farko sai ya yi salati. Ka rage shiga kowane shafi da asusun Facebook ko Google don gudun buɗe sabo. Su GB WhatsApp da ake tura wa juna ta Xender, ba a san wanda ya haɗa su ba, ba a san inda suke kai saƙo ba, kamfanin WhatsApp ma ya barranta da su. Fom ɗin nan da ke yawo a guruf, wai tallafin gwamnati ko kyautar data, mai neman lambar BVN da NIN da sunan mahaifiya, wannan ko sunan talla bai kai ba, tarko ne, kuma duk wanda ya tura shi gaba ya taya kafawa.

Wasunku gobe ku ne za ku gina shafuka da manhajoji, wasu ma sun fara. Wasu kuma sakatarorin ƙungiyar ɗalibai ne ko ta unguwa, suna tara sunaye da lambobi da hoton katin ɗan ƙasa na mutum ɗari biyu, su zuba a guruf kowa ya gani. Kafin ka liƙa wa shafinka kayan bin sawu na wani kamfani don 'yan daloli, ko ka nemi bayanin da ba ka da buƙatarsa, ka sani kai ne ka zama wanda muke kuka da shi. Abin da ba ka tara ba ba za a sace shi a hannunka ba.

Akwai kuma wani aiki da ya faɗo a kanku ba tare da kun nema ba. A yawancin gidajenmu ku ne kuke saita wa iyaye waya. Baba zai sayo sabuwa ya miƙo, ya ce, "Kai, zo ka haɗa min abin nan." Hajiya za ta ce a sa mata WhatsApp da manhajar karatun Alƙur'ani. Ku kuma kuna sauri za ku fita, sai ku yi ta danna amincewa har allon ya daina tambaya. Su ba su karanta abin da aka rubuta ba, da ku suka yarda. A wayar Baba akwai lambobin dangi kaf, da na abokan cinikinsa na shekara talatin, da saƙonnin bankinsa. Don Allah, ranar da aka sake miƙo muku waya, ku zauna, ku karanta kowace tambaya kafin ku amsa, abin da manhaja ba ta buƙata ku hana ta, sannan ku gaya musu da Hausa abin da kuka ba da izini a kai da sunansu.